Takardar likita da aikin matuƙin jirgin sama: wa zai yi feshin fara?

Idan damina ta yi nisa, gero ya fitar da kai ya fara ɗaukar ido, manomin Durum, cikin gundumar Mirya, kudu da birnin Damagaram, yakan ɗaga kai ya dubi sama saboda abu biyu: hadari da fara. Hadari na Allah ne. Fara kuwa, tun da aka shigo da feshin magani ta jirgin sama, ta zama abin da hukuma ke da hannu a cikinsa. Dattawa ba su manta da shekarun 1986 zuwa 1989 ba, lokacin da fara ta addabi ƙasashen Sahel. Waɗanda ba su kai su shekaru ba sun ga farin ɗango na 2004, wanda ya haɗu da ƙarancin ruwa ya jawo yunwar 2005, wadda ta taɓa jihohin Maraɗi da Damagaram ƙwarai. A irin waɗannan shekaru, filin da samarin gari za su yi kwanaki suna fesawa da famfon goyo, ƙaramin jirgi guda yakan gama shi kafin hantsi ya dubi ludayi.

Amma jirgi ba ya tashi da kansa. Sai da matuƙi, matuƙi kuma ba ya hawa sai da takardu biyu a aljihunsa. Ta farko ita ce takardar izinin tuƙi, wato lasisi, wadda ke shaida ya koyi aikin. Ta biyu ita ce takardar likita, wadda ke shaida jikinsa zai iya aikin. Ta farko, in an samu, takan daɗe. Ta biyu kuwa tana mutuwa kowace shekara, wani lokaci kowane wata 6, kuma in ta mutu lasisin ya zama kamar bindigar da babu albarushi. A ƙasan wannan takarda ta biyu akwai wani ɗan fili inda ake rubuta sharuɗɗa. Layi guda a wurin yana iya raba mutum da wani aiki ya bar masa wani, kuma abin mamaki, aikin da yakan fara rasawa shi ne wanda ya fi kusa da gonar talaka.

Inda dokar ta samo asali

Ranar 7 ga watan Disamba 1944 aka sa hannu kan yarjejeniyar Chicago, a ƙasar Amurka, wadda ta haifi ƙungiyar duniya mai kula da sufurin jiragen sama na farar hula. Masu Faransanci suna ce mata OACI, masu Ingilishi ICAO, cibiyarta kuma tana birnin Montreal na ƙasar Kanada. Nijar ta shiga wannan ƙungiya bayan samun mulkin kai. Cikin kundayen da ke liƙe da yarjejeniyar, kundi na 1 shi ne ke magana a kan lasisin ma'aikata, babinsa na 6 kuma a kan lafiyarsu. Kowace ƙasa tana ɗaukar abin da ke ciki ta zuba a dokarta; tana iya ƙara tsanani, in kuma ta sassauta dole ta sanar da ƙungiyar. A Nijar, hukumar ANAC, wadda aka kafa a 2010, ita ce ke ba da lasisi, ita ce kuma ke amincewa da likitocin da za su yi awon. Ba kowane likita ne ke da ikon sa hannu ba, ko da kuwa babban likitan asibiti ne. Sai wanda ya karanci sha'anin lafiyar ma'aikatan jirgi kuma hukuma ta naɗa shi. Sojojin sama ba sa cikin wannan tsari, suna da likitocinsu da ƙa'idojinsu.

Takardar likita aji uku ce. Aji na 1 na masu tuƙi don a biya su ne: mai lasisin sana'a, wanda ake ba ɗan shekara 18 bayan awa 200 na tuƙi, ko 150 in a makarantar da aka amince da ita ya yi su, da mai lasisin manyan jiragen fasinja, wanda ke bukatar shekara 21 da awa 1500. Aji na 2 na mai tuƙi don sha'awa ne ko don harkar kansa, wanda awa 40 ke isarsa ya sami lasisi, amma doka ta hana shi karɓar ladan tuƙi. Aji na 3 na masu ba jirage hanya ne daga hasumiya, irin waɗanda makarantar EAMAC ta Yamai ke horarwa tun 1963 domin ƙasashen ASECNA.

Ke nan, duk wanda zai ci abinci da tuƙin jirgi, ko alhazai zai kai Jidda, ko kaya zai ɗauka, ko marar lafiya zai kwaso daga Bilma, ko feshin fara zai yi, aji na 1 yake bukata. Wa'adinta wata 12 ne. Yana komawa wata 6 ga wanda ya wuce shekara 40 in yana ɗaukar fasinja shi kaɗai, haka kuma ga wanda ya wuce 60 in yana sufurin haya. Mai aji na 2 kuwa, in bai kai 40 ba, yana iya yin shekara 5 bai koma gaban likita ba.

Abin da likita ke dubawa

Mutane da yawa suna zaton mai sa tabarau ba ya zama matuƙi. Ba haka ba ne. Abin da aji na 1 ke nema shi ne kowane ido ya kai 6/9, biyun tare kuma su kai 6/6, ko da tabarau ko babu. In sai da tabarau, ana rubuta sharaɗin a takarda: ya sa shi lokacin aiki, ya kuma ajiye na biyu kusa da hannunsa. Wannan sharaɗi ba ya rufe ƙofar kowane aiki. Wanda ke rufewa shi ne rashin bambance launi, matsalar da ake haifar mutum da ita, ta fi yawa ga maza, kuma sau da yawa mai ita bai san yana da ita ba sai ranar da aka buɗe masa littafin ɗige-ɗige aka ce ya karanta lambar da ke ciki. Wanda ya kasa bambance ja da kore da fari yadda ake bukata ba ya samun aji na 1. Ana iya ba shi aji na 2 da sharaɗin tuƙi da rana kawai, wato dai sana'ar ta kuɓuce masa tun ba a fara ba.

Kunne ma ana auna shi da na'ura, kowanne daban. Iyakar raguwar ji da aka yarda da ita desibel 35 ce a ƙananan muryoyi uku da ake gwadawa, 50 kuma a ta huɗu mai tsini. Wannan ya shafi ƴaƴan Damagaram fiye da na wasu wurare, domin jihar tana cikin yankin da sanƙarau ke zagayowa da bazara, sanƙarau kuma yakan bar yaro da rai ya tafi da wani ɓangare na jinsa. Haka amodari, in ya daɗe ba magani, yakan bar tabo a ido.

Game da amosanin jini, wanda ake ce wa emasi, akwai abin da ya kamata iyaye su sani. Kundin ya bambanta mai ciwon da mai ɗauke da iri kawai. Wanda ya gaji irin daga ɓangare guda, wato mai AS, kundin ya ce galibi ba a hana shi takarda. Mai SS ne ba ya samu, saboda ƙarancin iska a sama yana iya tayar masa da ciwon. Hawan jini ba ya kore mutum in ya sauka da maganin da aka yarda da shi. Ciwon suga, in abinci ko ƙwayoyin da aka amince da su sun riƙe shi, ana iya ba da takarda. In ya kai ga allurar insulin, ƙa'idar ƙungiyar ta ce a hana, ko da yake Kanada da Ingila, sa'an nan Amurka daga 2019, sun buɗe ƙofa bisa sharuɗɗa masu tsanani na auna jini kafin tashi da cikin tafiya. Farfaɗiya tana hanawa. Giya da ƙwayoyi masu juya hankali, har da tramol da ya zama annoba a tsakanin matasa, suna hanawa. Kundin dai ya cire gahawa da taba daga wannan jeri. Hatta maganin zazzaɓin cizon sauro ba kowanne ne matuƙi ke sha ba: mai suna mefloquine likitocin jirgi ba sa yarda da shi, domin yakan kawo jiri da ruɗewa.

Mace mai juna biyu, in cikin ba shi da matsala, shawarar kundin ita ce a bar ta ta yi aiki daga ƙarshen mako na 12 zuwa ƙarshen mako na 26, sa'an nan ta dakata har ta haihu a sake aunawa. Ba zancen nesa ba ne, tun da a 2015 Ouma Laouali ta zama mace ta farko matuƙiya a rundunar sojojin saman Nijar, kuma ƴan mata na makaranta sun ji labarinta.

Tsakanin "ya dace" da "bai dace ba"

A da, hukuncin likita biyu ne: ko mutum ya wuce ko ya faɗi. Daga baya aka lura ana zubar da gwanaye saboda larurar da ba lallai ta kawo haɗari ba, alhali horar da matuƙi guda yana cin shekaru da dukiya mai yawa. Shi ya sa kundin ya buɗe hanya ta uku. In mutum bai cika wani ma'auni ba, ana iya ba shi takarda idan ƙwararrun likitoci sun tabbatar rashin cikawar ba zai jefa jirgi cikin haɗari ba, an yi la'akari da gwanintarsa da irin aikin da zai yi, kuma an rubuta sharaɗin da ya kamata a kan takardarsa. Ƙasashen Turai sun ba waɗannan sharuɗɗa gajerun sunaye na haruffa uku, waɗanda ake gani a takardun matuƙa da yawa. VDL shi ne na tabarau. TML yana gajarta wa'adi, a ce mutum ya dawo bayan wata 3 ko 6. VCL shi ne na tuƙi da rana kawai. OPL yana hana ɗaukar fasinja. OSL yana tilasta wa mai aji na 2 ya tafi da wani matuƙi a gefensa. Wanda ya fi nauyi ga mai sana'a shi ne OML: takardarsa ta aji na 1 tana aiki ne kawai in matuƙa biyu ne a jirgin.

Yawanci ciwon zuciya ne ke jawo wannan sharaɗi: wanda jijiyar zuciyarsa ta toshe aka buɗe, wanda bugun zuciyarsa ya taɓa rikicewa, da makamantansu. Tsoron yana da tushe. Ranar 18 ga watan Yuni 1972 wani jirgin Ingila ya faɗi a Staines jim kaɗan bayan tashinsa daga London, mutum 118 suka rasu, bincike kuma ya nuna jijiyoyin zuciyar shugaban matuƙan sun lalace ƙwarai, ya lissafa wannan cikin dalilan haɗarin. Bayan shekara 37 cif, ranar 18 ga watan Yuni 2009, shugaban matuƙan wani jirgin Amurka da ya taso daga Brussels ya rasu a kan kujerarsa a tsakiyar teku, mataimakansa suka sauke jirgin lafiya a Newark, fasinjoji da yawa ba su ma san abin da ya faru ba. Tsakanin waɗannan labarai biyu aka gina dukan hikimar sharaɗin.

Likitocin Turai sun yi mata lissafi a shekarun 1980, lissafin da ake kira ƙa'idar ɗaya cikin ɗari, kuma duk wanda ya iya rabawa zai iya bin sa. A ɗauka mutum yana da larurar da, cikin mutum 100 masu irinta, guda ɗaya za ta kayar farat ɗaya a shekara. Shekara tana da awa 8760, a cike ta a ce 10.000. Ke nan a kowace awa, yiwuwar faɗuwarsa ɗaya ce cikin miliyan. Amma ba dukan tafiya ce mai haɗari ba. Tashi da sauka ne, wajen kashi ɗaya cikin goma na tafiyar awa guda. Lissafi ya koma ɗaya cikin miliyan 10. In kuma akwai matuƙi na biyu, wanda aka ɗauka zai karɓi tuƙi lafiya sau 99 cikin 100, sai ya koma ɗaya cikin miliyan dubu, abin da aka yarda a ɗauka. Mai karatu ya lura da inda kason ƙarshe ya fito: daga mutum na biyu. A cire shi, lissafin ya rushe. Don haka dokar Turai ta ƙara da cewa abokin tuƙin mai OML dole ya zama cikakken gwani a kan irin jirgin, ba shi da irin wannan sharaɗi shi ma, kuma bai kai shekara 60 ba.

Jirgi mai kujera ɗaya

A nan ne maganar ta dawo gonar Durum. A ɗauki misalin matuƙi ɗan shekara 48 wanda aka yi wa aikin jijiyar zuciya, ya warke, gwaje-gwaje suka yi kyau, aka mayar masa da aji na 1 da sharaɗin matuƙa biyu. Wannan mutum doka ta yarda ya zauna a kujerar shugaba cikin babban jirgi ya kai ɗaruruwan alhazai ƙasa mai tsarki. Amma ba ta yarda ya hau ƙaramin jirgin feshi ya fesa hekta guda ta gero ba. Wanda ya ji wannan da farko zai ce an juya hankali: ran mutum ɗari uku an ba shi amana, gero an hana shi?

Dalilin a fili yake ga wanda ya taɓa ganin aikin. Jiragen da aka ƙera domin feshi, irin su Cessna 188 da yawancin na Air Tractor, kujera ɗaya gare su. Gaban matuƙi tankin magani ne, babu inda na biyu zai zauna. Ana feshin fara ne a tsayin da bai wuce mita 5 zuwa 10 ba, wato tsayin gawo ko kuka, da sassafe kafin ƙasa ta yi zafi iska ta fara ɗaga maganin sama. Matuƙi yana kai da komowa a kan fili, yana juyawa a kowane ƙarshe, idonsa a kan itatuwa da wayoyi da rugagen makiyaya da rijiyoyin da bai kamata magani ya sauka a kansu ba. A babban jirgi, kashi ɗaya cikin goma na tafiya ne mai haɗari. A jirgin feshi dukanta ce. In jiri ya ɗebe shi na daƙiƙa uku, babu mai karɓa, kuma babu tazarar da zai farfaɗo a cikinta.

Akwai kuma larurar da aikin da kansa ke jawowa. Magungunan da aka daɗe ana amfani da su a kan fara, irin su fenitrothion da malathion da chlorpyrifos, ana fesa su ne da kauri, rabin lita zuwa lita guda a hekta, ba a sirka su da ruwa. Suna shiga jiki ta fata da numfashi, su rage wani sinadari da jijiyoyi ke aiki da shi, mai suna kolinestaras. Alamunsa na farko su ne ciwon kai, zufa, tsukewar ƙwayar ido da dishi-dishin gani, wato daidai abubuwan da matuƙi ba zai iya ɗauka ba. Hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, tana ba da shawarar a auna jinin ma'aikatan feshi kafin a fara kamfe, a riƙa sake aunawa, wanda nasa ya sauka a janye shi har ya dawo daidai. Takardar likitan da aka sa wa hannu a watan Maris ba ta san abin da ya shiga jinin mutum a watan Satumba ba.

Abin da wannan ke nufi ga ƙasa irin Nijar shi ne ƙananan ayyukan cikin gida, waɗanda matuƙi guda ke yi, su ne suka fi bukatar takarda marar tabo, su ne kuma suka fi ƙarancin albashi da daraja a idon samari. Kowane yaro da ya shiga makarantar tuƙi babban jirgi yake mafarki. Tun da Air Afrique, wadda yarjejeniyar Yawunde ta kafa a 1961, ta rushe a 2002, ƴan ƙasar da suka ƙware sukan nemi aiki inda ya samu, ko da a waje ne. In matuƙin feshi guda ya sami sharaɗi a takardarsa ana tsakar damina, maye gurbinsa ba abin kwana biyu ba ne: sai an ɗauko baƙo da tsada, a tabbatar da lasisinsa kafin ya tuƙa jirgi mai lambar 5U ta Nijar, fara kuwa ba ta jiran takarda.

Shekaru suna juya lissafin ta wata fuska. A sufurin haya tsakanin ƙasashe, matuƙi shi kaɗai yana tsayawa a shekara 60, a jirgi mai matuƙa biyu kuma a 65. An ɗaga iyakar zuwa 65 a 2006, a 2014 kuma aka cire sharaɗin cewa sai abokinsa bai kai 60 ba. A babban taron ƙungiyar na 2025, ƙungiyar kamfanonin jirage ta IATA ta nemi a kai ta 67, taron bai amince ba a lokacin. To, wannan iyaka ba ta ambaci feshi ko ɗaukar hoto ta sama ko koyarwa ba. Irin waɗannan ayyuka an bar wa kowace ƙasa ta tsara. Ke nan dattijo ɗan shekara 66 mai lafiyayyar takarda, wanda babban jirgi ya sallama, ƙa'idar duniya ba ta hana shi feshi ba, alhali ɗan 48 mai sharaɗi ta hana shi. Ko ya kamata a bar ɗan 66 yana shawagi a tsayin gawo, wannan tambaya ce da hukumar ƙasa za ta amsa da kanta, a rubuce, tun kafin ranar bukata.

Abin da ya rage wa wanda takardarsa ta ragu

Mai sharaɗin matuƙa biyu bai rasa sana'a ba. Manyan jiragen fasinja da na kaya a buɗe suke gare shi. Ƙaramin jirgi ma, irin Cessna 208 da ake jigilar ma'aikatan agaji da shi, in kamfani ya tsara aikinsa da matuƙa biyu hukuma kuma ta amince, yana iya shiga. Wanda ya faɗo daga aji na 1 zuwa na 2 shi ne hanyarsa ta ƙuntata: ba fasinja na haya, ba kaya, ba feshi. A dokar Turai an bar masa ƙofa guda, ya koyar da masu neman lasisin sha'awa a biya shi, in yana da shaidar koyarwa. Wanda ya rasa takarda gaba ɗaya yana iya koyarwa a aji, ko a na'urar kwaikwayon jirgi wadda ba ta barin ƙasa, ko ya yi aikin tsara tafiye-tafiye da binciken haɗurra. Wata sabuwar hanya ita ce jirage marasa matuƙi: lasisin da ƙungiyar ta tsara wa masu sarrafa su daga ƙasa, wanda ya fara aiki a 2022, aji na 3 yake nema.

Samarin da ke neman labari a intanet su yi hattara da abu guda. A Amurka lambobin ba su da ma'ana ɗaya da na nan. Can, aji na biyu yana ba da izinin aikin haya kamar feshin gona, aji na uku ne na masu sha'awa. Wanda ya karanta cewa "aji na biyu ya isa a biya ka", dokar Amurka ya karanta, kuma ba ta aiki a Yamai ko Kano. Uban da ke shirin sayar da shanu ya tura ɗansa makarantar tuƙi, ko ta Zariya da aka kafa a 1964 ko wata mai nisa, abin da ya fi masa shi ne ya fara biyan kuɗin awon aji na 1 kafin ya biya na awa guda a sama. Littafin ɗige-ɗige na minti biyar ya fi garke arha.

Haɗarin da takarda ba ta gani

Duk wannan tsari yana tsaye ne a kan abu guda: matuƙi ya gaya wa likita gaskiya. Na'ura tana ganin bugun zuciya, amma ba ta ganin suman da aka yi a gida makon jiya, ko baƙin cikin da ke hana barci. Doka ta ce duk wanda ya ji lafiyarsa ta ragu ya dakatar da kansa tun wa'adi bai cika ba. To, mutumin da gidansa da na ƴan'uwansa suka dogara ga albashinsa, wanda wataƙila bai gama biyan bashin karatu ba, an ce ya kai kansa inda za a iya yanke masa abinci. Wani bincike da aka buga a 2022 a kan matuƙa 3765 a Amurka ya nuna kashi 56 cikin 100 sun taɓa kauce wa neman magani ko bayyana ciwo don tsoron rasa takarda. In haka yake a ƙasar da ke da inshora da ƙungiyoyin ƙwadago masu ƙarfi, mai hankali zai iya auna yadda zai kasance inda babu su, inda kuma ciwon da ya shafi tunani abin ɓoyewa ne ko a cikin dangi.

Duniya ta ga ƙarshen irin wannan ɓoyo ranar 24 ga watan Maris 2015, lokacin da mataimakin matuƙin jirgin Germanwings ya kulle ƙofa ya kai jirgin ga duwatsun Alfes na Faransa da gangan, mutum 150 suka halaka. Takardarsa ta aji na 1 tana da rai, da sharaɗi a kanta saboda ciwon damuwar da ya taɓa yi. Likitocin da ya gani a waje sun ba shi takardun hutu, wasunsu bai kai su wurin aiki ba. Hukumar binciken Faransa, a rahotonta na 2016, ba ta tsaya ga neman ƙarin awo ba. Ta ce a fayyace lokacin da likita zai iya karya sirri don kare jama'a, a kafa hanyar da matuƙi zai kai kukansa ga ƴan'uwansa ba tare da tsoro ba, a kuma rage masa asarar da rasa lasisi ke jawowa. Tarayyar Turai ta mayar da wani ɓangare na wannan doka a 2018.

Darasin ya shafi ma'aikatun da ke ɗaukar matuƙa a nan, na gwamnati da na ƴan kasuwa. Sharaɗi a takarda ya fi hani baki ɗaya amfani, domin mutumin da ya san akwai mataki tsakanin kujerarsa da zaman gida zai fi saurin faɗin abin da ke damunsa. Amma matuƙin feshi ba shi da wannan mataki a cikin jirginsa, sai an gina masa shi a waje: yarjejeniyar aikinsa ta faɗi tun farko inda za a mayar da shi in takardarsa ta ragu, ko jagorancin sansani, ko koyar da na baya, ko tsara filayen da za a fesa, da albashin da zai bi shi. Hukunci mai nauyi kuma kada ya tsaya a hannun likita guda. Ya wuce ga likitan hukuma mai tantancewa, wanda shi ne tsarin Turai ya ba ikon sa OML da cire shi, a kuma bar wa matuƙi hanyar ɗaukaka ƙara.

Saura abin da ba ya cin ko dala. Takardar aji na 1 tana mutuwa ne bisa ranar da aka yi awo, ƙa'ida kuma ta ba da rangwamen kwana 45 a sabunta ta kafin wa'adi ba tare da an yi asarar kwana ba. In aka tsara awon matuƙan feshi ya faɗo a cikin rani, wajen watan Fabrairu ko Maris, duk wanda aka samu da larura yana da watanni na gwaji da magani, ma'aikata kuma tana da watanni na neman madadi. In aka bar shi ya faɗo a watan Agusta, ranar da malamin gona na Mirya zai aiko da labarin fara ta ƙyanƙyashe, jirgin yana iya kasancewa a filin Damagaram da mai da magani, matuƙinsa kuwa yana Yamai yana jiran sakamakon awon zuciya.